Yadda Fosfat Ke Riƙe Ƙarafan Tsakiya: Yanayin Riƙon da Tasirinsa

1.0 Gabatarwa

Duk manomin da ya daɗe yana hulɗa da takin zamani ya san cewa akwai gonar da za a zuba wa buhun supa cur, amma amfanin da za ta bayar bai taka kara ya karya ba. Masana kimiyyar ƙasa sun tabbatar da cewa daga cikin sinadarin fosfat da ake zuba wa gona, abin da shuka kan samu a daminar farko galibi bai wuce kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ba. Mafi yawan ragowar yana nan a gonar, ruwa bai wanke shi ba, rana kuma ba ta ƙone shi ba. Baƙin ƙarfen da ke jikin ƙwayoyin ƙasar ne, tare da wasu ƙarafa, suka damƙe shi har saiwa ta kasa ƙwatowa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yanayin wannan riƙo da ke tsakanin fosfat da ƙarafan tsakiya. Za a fara da fayyace ma'anar muhimman kalmomi, a waiwayi tarihin nazarin, sannan a kawo salon riƙon da abubuwan da ke ƙarfafa shi ko sassauta shi. Daga nan za a nuna cewa ƙa'ida guda ce ke aiki a gona da tafki da cikin ɗan Adam da kuma batirin ajiye wutar hasken rana.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Fosfat

Fosfaras sinadari ne da wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya fara tacewa daga fitsari a birnin Hambug a shekarar 1669. Ba a samun sa shi kaɗai a doron ƙasa, domin da zarar ya haɗu da oksijin sai su haɗe. Idan zarrar fosfaras ɗaya ta zauna a tsakiya, zarra huɗu na oksijin suka kewaye ta, to an samu fosfat, wanda ake rubutawa PO₄³⁻. Siffarsa ta dala ce mai fuska huɗu, kowace kusurwa da oksijin ɗaya. Alamar da ke sama tana nuna cewa yana ɗauke da cajin ragi guda uku, wato yana da rarar ilekturon uku, kuma wannan caji ya bazu ne a kan oksijin ɗin nan huɗu. Saboda haka ana iya ɗaukar kowane oksijin a matsayin hannu. Fosfat ke nan mai hannu huɗu ne, kowane hannu ya miƙa wata nahiya daban.

2.2 Ƙarafan Tsakiya

A jadawalin sinadarai akwai wani rukuni na ƙarafa da ya mamaye tsakiyar jadawalin, tsakanin ƙarafa masu saurin narkewa a ruwa na gefen hagu da sinadaran da ba ƙarafa ba na gefen dama. Su ne ake nufi da ƙarafan tsakiya. Daga cikinsu akwai baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da azurfa da zinariya da manganis da kobalt da nikel da molibdenam. Tutiya tana bakin iyakar rukunin, akan kuma tattauna ta tare da su. Ya kamata a lura da cewa Bahaushe yana amfani da kalmar ƙarfe ga jinsin baki ɗaya, yana kuma amfani da ita ga wanda maƙeri ke saƙa garma da shi. Domin kauce wa ruɗani, wannan na biyun za a riƙa kiran sa baƙin ƙarfe.

Halaye biyu ne suka bambanta waɗannan ƙarafa da saura. Na farko, zarrarsu tana da guraben da ba su cika ba, waɗanda za su iya karɓar ilekturon daga waje. Na biyu, ƙarfe guda yana iya ɗaukar caji iri daban-daban. Alal misali, baƙin ƙarfe yakan rasa ilekturon biyu ya zama mai caji biyu, Fe²⁺, ko ya rasa uku ya zama mai caji uku, Fe³⁺. Wannan bambanci na ilekturon ɗaya tak shi ne ginshiƙin mafi yawan bayanan da za su biyo baya.

2.3 Mariƙi da Haɗin Kewaye

Mariƙi shi ne duk wani sinadari da ke miƙa wa zarrar ƙarfe tagwayen ilekturon, ya manne da ita ta wannan hanya. Ruwa mariƙi ne, amoniya ma haka, fosfat ma haka. Idan mariƙa suka kewaye zarrar ƙarfe guda suka zama dunƙule ɗaya, ana kiran abin da aka samu haɗin kewaye, yawan hannayen da suka riƙe ƙarfen kuma shi ne adadin kewaye. A wajen baƙin ƙarfe da kobalt da manganis, adadin da aka fi samu shi ne shida: huɗu a gefuna, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

3.0 Waiwaye a Kan Tarihin Nazarin

A ƙarni na 19 masana sun daɗe suna mamakin wasu gishirai na kobalt. An sami wanda ke da kobalt ɗaya da kulorin uku da amoniya shida, launinsa rawaya. An sami mai amoniya biyar, launinsa shunayya. An kuma sami mai amoniya huɗu, wanda kan zo kore. Idan aka narkar da su aka ɗiga ruwan gishirin azurfa, na farko yakan saki kulorin ɗinsa duka uku, na biyu ya saki biyu, na uku kuwa ɗaya kawai. Babu wanda ya iya faɗin inda sauran kulorin ɗin suke maƙalewa.

Alfred Werner ne ya warware matsalar a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan a shekarar 1893, yana ɗan shekara 26. Ya nuna cewa kobalt yana da gurabe shida a kewayensa waɗanda dole a cike su. Idan amoniya shida suka cike, kulorin duka uku suna waje, ba abin da ya ɗaure su. Idan amoniya biyar ne, sai kulorin ɗaya ya shiga ya cike gurbi na shida, ya zama mariƙi, don haka azurfa ba ta iya janye shi. Wannan bayani ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1913. Daga baya G. N. Lewis da N. V. Sidgwick suka bayyana cewa abin da ke ɗaure mariƙi da ƙarfe shi ne tagwayen ilekturon da mariƙin ya bayar shi kaɗai. A 1963 kuma Ralph Pearson ya tsara wata ƙa'ida mai amfani ƙwarai: ƙarfe mai ƙaramar zarra da caji mai yawa ya fi son mariƙin da ke kama shi ta oksijin, alhali ƙarafa irin su azurfa da zinariya sun fi son mai kama su ta farar wuta. Fosfat da oksijin yake kamu, shi ya sa ya fi shaƙuwa da baƙin ƙarfe mai caji uku da makamantansa.

4.0 Salon Riƙo

4.1 Riƙon Hannu Ɗaya

Wannan shi ne mafi sauƙi. Fosfat yana miƙa oksijin ɗaya ga ƙarfe, sauran ukun suna sake. An haɗa irin wannan a ɗakin gwaji ta hanyar cike gurabe biyar na kobalt da amoniya, aka bar wa fosfat gurbi ɗaya. Riƙon hannu ɗaya ya fi sauƙin warwarewa, domin wani mariƙi yana iya zuwa ya ture fosfat ɗin ya maye gurbinsa.

4.2 Riƙon Ƙaguwa

A nan fosfat yana kama zarrar ƙarfe guda da hannu biyu, kamar yadda ƙaguwa ke damƙar abu da almakashinta. A bisa al'ada irin wannan riƙo yakan fi na hannu ɗaya ƙarfi, amma a wajen fosfat guda akwai cikas. Zoben da ake samu mai zarra huɗu ne kacal, wato ƙarfe da oksijin biyu da fosfaras, kuma ya yi matsi da yawa. Ƙarfe mai gurabe shida yana son kusurwar digiri 90 tsakanin hannu da hannu, amma a cikin wannan zobe sai ta matse zuwa ƙasa da digiri 80. Don haka ba a cika samun sa ba. Idan kuwa fosfat biyu ko fiye suka sarƙu da juna, kowannensu ya miƙa hannu ɗaya, zoben yakan zama mai zarra shida, ya saki jiki, riƙon ya yi ƙarfi sosai.

4.3 Riƙon Gada

Wannan ne salon da fosfat ya fi yi. Tun da hannayensa huɗu kowanne ya fuskanci wata nahiya, ya fi masa sauƙi ya kama ƙarfe ɗaya da wannan hannu, ya kama wani ƙarfen da wancan, ya zama gada a tsakaninsu. Kowane ƙarfe kuma yana da gurabe shida, saboda haka wasu fosfat ɗin za su kama shi ta wasu ɓangarori. Haka abin zai yi ta yaɗuwa ya zama sarƙa, sarƙa ta zama shimfiɗa kamar tabarma, tabarmi su hau juna su zama gini. Abin da ya kai wannan matsayi ya daina narkewa a ruwa, ya koma dutse. Dalili ke nan da ya sa kusan dukkan gishiran fosfat na ƙarafan tsakiya ba sa narkewa, alhali gishiran naitiret, wanda riƙonsa rarrauna ne, ruwan sama kan wanke su cikin 'yan makonni.

5.0 Abubuwan da Ke Sarrafa Ƙarfin Riƙo

Abubuwa biyu ne manya. Na farko shi ne tsami. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsaka-tsaki, ruwan lemun tsami yake wajen 2, ruwan toka kuma yake can sama. Haidurojin, wanda shi ne tushen tsami, yana takara da ƙarfe a kan hannayen fosfat. A ƙasa da 2.1 haidurojin uku ne ke riƙe da shi. Daga 2.1 zuwa 7.2 saura biyu, daga 7.2 zuwa wajen 12.3 saura ɗaya, sai a sama da haka ne hannayen duka suke sake. To amma tsami yana taɓa ƙarfen shi ma, domin a cikin tsami ne baƙin ƙarfe ke fitowa fili ya zama a shirye don kamu, a cikin ruwan toka kuwa wani mariƙi, wato haidurokzayid, yakan rigayi fosfat cike gurabensa. Sakamakon wannan ja-in-ja shi ne cewa baƙin ƙarfe ya fi damƙar fosfat a inda tsami yake da ɗan yawa.

Na biyu shi ne cajin ƙarfen. Baƙin ƙarfe mai caji uku ya fi mai caji biyu ƙanƙanta, ga kuma ƙarin caji, don haka yana jan oksijin ɗin fosfat da ƙarfi matuƙa. Da zarar ya karɓi ilekturon ɗaya ya koma mai caji biyu, sai zarrar ta kumbura, jan ya ragu, riƙon ya sassauta. Abin da ke sanya baƙin ƙarfe ya kasance mai caji uku shi ne samuwar iskar oksijin, rashinta kuma yakan mayar da shi mai caji biyu. A taƙaice, inda iska ke shiga fosfat a ɗaure yake, inda aka toshe iska kuma yakan samu sassauci.

6.0 Launi a Matsayin Shaida

Ido ba ya ganin zarra, amma yana ganin launi, kuma launin ƙarafan tsakiya yana sauyawa gwargwadon mariƙin da ke kewaye da su. Ruwan da aka narkar da gishirin kulorin na baƙin ƙarfe mai caji uku rawaya ne, amma idan aka zuba masa asid ɗin fosfat sai launin ya ɓace, alamar cewa fosfat ya ture kulorin ya zauna a gurbinsa. Haɗin kobalt da fosfat yana ba da shunayya mai kyau wadda masu zane suka fara amfani da ita tun tsakiyar ƙarni na 19. Akwai kuma wani ma'adini mai suna bibiyanait, wanda ya ƙunshi fosfat da baƙin ƙarfe mai caji biyu, ana samun sa a laka da fadamu. Idan aka tono shi sabo ba shi da launi, amma da ya sha iska sai wani ɓangare na ƙarfen ya koma mai caji uku, ilekturon ya riƙa tsallakawa tsakanin maƙwabtan biyu, ma'adinin ya rine ya zama shuɗi kamar baba.

Mafi amfani daga cikin waɗannan launuka shi ne na molibdenam. A 1826 Berzelius na ƙasar Suwidin ya lura cewa fosfat da molibdenam suna ba da wani rawayan gari, amma sai a 1934 J. F. Keggin ya gano siffar irin wannan dunƙule. Fosfat guda ne a tsakiya, zarra 12 na ƙarfe sun yi masa keji, jimillar oksijin 40, kuma kowane hannu na fosfat ɗin yana riƙe da ƙarfe uku a lokaci guda. Idan aka ba wa wannan keji ilekturon sai ya koma shuɗi, kaurin shuɗin kuma yana tafiya daidai da yawan fosfat ɗin da ke cikin ruwan. A 1962 Murphy da Riley suka daidaita wannan gwaji ta amfani da bitamin C wajen ba da ilekturon ɗin. Har yau da shi ɗakunan gwajin ƙasa da na ruwa suke auna fosfat a mafi yawan ƙasashen duniya.

7.0 Riƙon a Gona da Ruwa

7.1 Jar Ƙasa

Jan launi ko rawaya da ake gani a ƙasa ya samo asali ne daga tsatsar baƙin ƙarfe mai caji uku da ta lulluɓe ƙwayoyinta. A saman kowace ƙwaya akwai zarrar ƙarfe masu gurabe da ruwa ko haidurokzayid suka riƙe. Idan taki ya narke, fosfat yakan ture waɗannan ya zauna a gurbinsu. Da farko riƙon hannu ɗaya ne, saiwa tana iya ƙwacewa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma gada tsakanin ƙarfe biyu maƙwabta, daga ƙarshe ma ya nutse cikin ƙofofin tsatsar. Almuniyam, duk da ba ya cikin ƙarafan tsakiya, yana yin irin wannan aiki a ƙasa mai tsami, a ƙasa mai farar ƙasa da yawa kuma kalsiyam ne ke kamawa. Saboda haka fosfat ya fi samuwa ga shuka idan tsamin ƙasa yana tsakanin 6 da 7. Matsalar ta fi tsanani a tsohuwar jar ƙasa ta yankuna masu yawan ruwan sama da kuma ƙasar da ta samo asali daga aman dutse. Ƙasar rairayi ta Sahel ba ta da wannan riƙo sosai, matsalarta ita ce ƙarancin fosfat ɗin tun asali.

Fahimtar riƙon ita ta haifar da dabarun magance shi. A yankin Serado na ƙasar Barazil, wanda aka daɗe ana ɗauka ba ya noma, zuba farar ƙasa domin rage tsami da kuma ƙosar da tsatsar da fosfat tun daga shekarun 1970 ya mayar da shi ɗaya daga cikin manyan rumbunan waken suya na duniya. Binne taki kusa da iri ya fi watsa shi, domin yana rage yawan ƙasar da fosfat zai yi gogayya da ita. Takin gargajiya kuma idan ya ruɓe yana sakin wasu asid, irin wanda ke cikin lemun tsami, masu yi wa baƙin ƙarfe riƙon ƙaguwa, su mamaye gurabun da fosfat zai maƙale. Wasu tsirrai ma da kansu suke wannan aiki. A 1990 masu bincike a cibiyar ICRISAT ta ƙasar Indiya sun nuna cewa saiwar waken turawa tana fitar da wani asid da ke kama baƙin ƙarfe mai caji uku ya saki fosfat ɗin da ke hannunsa, abin da ya bayyana dalilin da ya sa wannan wake ke yin kyau a jar ƙasar da dawa ke wahala.

7.2 Fadama da Tafki

Idan ruwa ya kwanta a gonar shinkafa, iska takan ƙare a cikin lakar, ƙananan halittu su koma miƙa ilekturon ga baƙin ƙarfe. Ƙarfen ya koma mai caji biyu, ƙasa ta sauya daga ja zuwa toka-toka, fosfat ɗin da ke ɗaure ya samu kansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa shinkafar fadama ba ta cika nuna yunwar fosfat kamar ta tudu ba.

Abin da ya zama alheri a fadama yakan zama masifa a tafki. C. H. Mortimer ya nuna a 1941, a wani tafki na arewacin Ingila, cewa idan iska ta ƙare a ƙasan ruwa lakar takan saki fosfat ɗin da ta tara. Fosfat kuwa shi ne abincin da gansakuka ke jira. A 1973 David Schindler ya raba wani tafki na ƙasar Kanada gida biyu da labule, ya zuba wa kowane ɓangare kabon da naitirojin, ya ƙara wa ɗaya fosfat. Ɓangaren da ya samu fosfat ne kaɗai ya koma kore shar. Idan gansakukar ta mutu ta nutse, ruɓewarta tana ƙara cinye iska, lakar ta ƙara sakin fosfat, kifaye su mutu. Domin hana haka ne matatun ruwan ƙazanta a ƙasashe da dama suke zuba gishirin baƙin ƙarfe a cikin ruwan kafin su sake shi, ya kama fosfat ya kwanta da shi.

8.0 Riƙon a Jikin Mai Rai

Ƙwayar gero da dawa da masara tana ajiye mafi yawan fosfaras ɗinta a cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda zobe ne guda mai ɗauke da fosfat shida. Hannaye masu yawa haka a wuri ɗaya suna damƙar baƙin ƙarfe da tutiya da ƙarfi, har hanji ya kasa tsotse su. Wannan na cikin dalilan ƙarancin jini a al'ummomin da hatsi ya zama gaba ɗayan abincinsu, musamman ga yara da mata masu juna biyu. Jiƙa hatsi da tsirar da shi da barin sa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana tayar da wani inzayim da ke gutsure fosfat ɗin ɗaya bayan ɗaya har riƙon ya raunana. Bitamin C, wanda ke da yawa a lemu da gwaiba da garin ɗan kuka, yana mayar da baƙin ƙarfe mai caji biyu, ya kuma riƙe shi a narke, don haka cin su tare da hatsi yana ƙara yawan ƙarfen da jiki zai samu.

Su kansu inzayim masu yanke fosfat da ƙarafa suke aiki. Akwai wani jinsi mai launin shunayya da ke da zarrar ƙarfe biyu a gefen juna: a jikin dabbobi duka biyun baƙin ƙarfe ne, a jan wake baƙin ƙarfe da tutiya, a dankali kuma an sami mai baƙin ƙarfe da manganis. Ƙarafan suna kama fosfat su janye ilekturon daga gare shi, har ruwa ya samu damar tsinke shi daga abin da yake manne da shi. Na jikin dabbobi yana aiki ne idan ƙarfe ɗaya mai caji uku ne ɗaya kuma mai caji biyu. Idan duka biyun suka koma masu caji uku sai aikin ya tsaya.

Likitoci ma sun ci moriyar riƙon. Mai ciwon ƙoda ba ya iya fitar da rarar fosfat, wanda idan ya taru a jini yakan raunana ƙashi ya kuma ƙandarar da jijiyoyi. A 2013 da 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu masu ɗauke da baƙin ƙarfe mai caji uku, waɗanda ake sha tare da abinci su kama fosfat a cikin hanji su fice da shi.

9.0 Riƙon a Masana'antu

A 1906 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Coslett, ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe a cikin ruwan asid ɗin fosfat mai zafi. Fatar ƙarfen takan narke kaɗan, fosfat ya haɗe zarrar da suka fito ta riƙon gada, a samu wani siririn ɓawo da ba ya narkewa, mai hana tsatsa da kuma riƙe fenti. Daga baya aka inganta dabarar da tutiya da manganis, ta zama hanyar da masana'antun mota suka daɗe suna bi kafin su fesa wa gangar mota fenti.

Misali mafi kusa da rayuwar yau shi ne batir. A 1997 John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Tekzas ta Amurka suka bayyana cewa haɗin litiyam da baƙin ƙarfe da fosfat, LiFePO₄, zai iya ajiye wuta. Idan ana cajin batirin, litiyam yana fita, baƙin ƙarfe ya tashi daga caji biyu zuwa uku. Idan ana amfani da wutar, litiyam ya dawo, ƙarfen ya koma caji biyu. Ginin da fosfat ya yi ta riƙon gada yana nan daram a duk wannan shige da fice, girmansa bai sauya da fiye da kashi 7 cikin ɗari ba, shi ya sa batirin ke jure caji sau dubbai. Bugu da ƙari, fosfaras yana riƙe da oksijin ɗinsa gam, ba ya sakin sa cikin sauƙi ko da zafi ya yi yawa, saɓanin batir mai kobalt wanda kan saki oksijin ya rura wuta. Kowane gida na batirin yana ba da wajen bolt 3.2, ba ya kuma buƙatar kobalt ko nikel masu tsada. Irinsa ne ya yawaita a motocin lantarki da kuma na'urorin ajiye wutar hasken rana da ake girkawa a gidaje. Goodenough ya samu lambar Nobel a 2019 saboda gudummawarsa ga batirin litiyam.

10.0 Kammalawa

An ga yadda siffar fosfat mai hannu huɗu ta sa ya fi son zama gada tsakanin ƙarafa, da yadda tsami da cajin ƙarfe suke ƙarfafa riƙonsa ko sassauta shi. Muhimmancin sanin haka yana ƙaruwa idan aka tuna cewa fosfat ba shi da madadi a abincin shuka, ba a kuma ƙera shi, haƙo shi ake yi. Tun 1842 da John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar narkar da shi da asid ɗin farar wuta domin yin takin supa, duniya take ci daga taskar da ba ta ƙaruwa, wadda kusan kashi 70 cikin ɗari na sananniyarta yana hannun ƙasar Maroko. Akwai dutsen fosfat a yankin Sakkwato da kuma Tawa ta Jamhuriyar Nijar, amma bai kai waɗancan yawa ba. Saboda haka duk buhun da tsatsar ƙasa ta cinye ko ya ƙare a gindin tafki asara ce ga manomi da mai kamun kifi baki ɗaya. Rage tsamin gona, haɗa takin zamani da na gargajiya, binne taki kusa da iri, da ƙwato fosfat daga lakar matatun ruwa, duk matakai ne da suka dogara a kan sanin lokacin da baƙin ƙarfe ke kamawa da lokacin da yake saki.